Akwatin Ƙarfen Gwaggo Sabuwa

"Ni dai ban hana shi abincinai ba," in ji Gwaggo Sabuwa. "Wuta ka ce shina so, ga wuta nan dare da rana. Mu muka koma ga tocila don shi."

"Na sani, Gwaggo. Abin da nake tambaya, tun ranar da na tafi, ko saƙo ɗaya bai ƙara shigowa ba?"

"Tambayi Ruƙayya. Ni mi na sani ga saƙo?"

Ruƙayya, autarta, tana zaune a bakin angarib, gadon nan namu na igiya, da tsohon ciki, ƙafafunta sun kumbura. Ta ce a yammacin da na tafi saƙo ɗaya ya shigo daga yayanta Hamid, daga nan shiru, yau kwana goma sha ɗaya. A cikin saƙon ya ce likitoci sun riƙe shi a asibiti, wankin ƙodar da ake masa ya daina aiki yadda ya kamata. A ƙarshe ya ce mata, in da hali, ta sa tsohuwa ta yi magana a wayar, ko kalma biyu ce, yana so ya ji muryarta. Ruƙayya ta faɗi wannan tana kallon ƙasa. Gwaggo kuwa ta tashi ta shiga gyara itacen da ba ya bukatar gyara.

Zuwana na uku ke nan gidan a kan abu ɗaya. Ina gyaran waya a wata 'yar rumfa a kasuwar Suki, amma Hillar Sodangi ce garinmu, uwata Lami ƙawar Gwaggo ce tun suna tsinkar auduga. Hillarmu a cikin kwari take, gab da kogi, mangwarori sun rufe ta. Shabaka, wato sabis ɗin waya, ba ta sauko mana. Mai son kiran waya sai ya taka rabin awa zuwa gaɓar tur'a, babbar hanyar ruwan noma, ya hau tudun ya ɗaga hannu. Shi ya sa Hamid, da ya fara jin jiki a Jidda, ya ba wani mai dawowa daga umra rauta ya kawo gida: ɗan farin abu mai ƙaho biyu, ana sa masa shariha, wato sim irin na waya, ya kamo shabaka daga dogon ƙarfen da ke hayin kogi ya raba wa wayar gidan.

Ranar farko na ɗaure shi a cikin yankakkiyar jarka saboda ruwan sama, na ɗaga shi a kan gora mai tsawon gaba huɗu, na ja masa igiyar wuta daga batirin sola. Fitilarsa ta yi kore. Bayan mako aka aiko mini ya mutu. Da na zo na same shi a kan kujera a ƙarƙashin rumfa, an goge shi fes, na ɗauka don zuwana aka sauko da shi. Na zargi shariha, na cire ta na je gaɓar tur'a na gwada ta a wayata, lafiyarta lau. Na zargi igiyar wuta, na canza ta. Na sa allura na danna ɗan ramin bayansa ya manta duk abin da ya sani, na sake shigar masa da komai daga farko. Na mayar da shi sama, ya yi kore, na sha shayi na tafi ina ganin na iya aiki. Ban tambayi kowa inda yake kwana ba.

A wannan karon saƙon Ruƙayya ya same ni ana tsakiyar damina. Ruwa ya yi kwana uku, baƙar ƙasarmu ta kama tayar kowace mota. Rana ta huɗu na cire takalmi na tako da ƙafa, ba tare da na aiko cewa ina tafe ba. Na shigo bayan azahar, na ga gorar kwance a gindin katanga, an shanya zane a kanta.

Na tambayi yadda aka yi gora ta kwanta. Gwaggo ta ce damina ce, iska ba ta san abin mutane ba. Ba ta ce iskar ce ta kayar da ita ba. Ta ce in zauna ta ɗauko mini abin.

"Gwaggo, yau ina so in gan shi a inda yake zama."

Ta dube ni kamar na nemi ta buɗe mini bakinta in ƙirga haƙora. Sannan ta ce, "Ɗan Lami, kai ka zama muhandis, babban injiniya, har cikin ɗakin tsohuwa. Shiga."

Na bi igiyar wutar. Ta ratsa ta ƙarƙashin ƙofa, ta bi gindin bango, ta shige bayan gado, ta ƙare a jikin wani koren akwatin ƙarfe irin na aure. An sa ƙusa an huda masa rami daidai kaurin igiyar, an naɗe bakin ramin da tsumma don kada ya yanke ta. Gwaggo ta ciro mabuɗi daga wuyanta. Rautan yana kwance a sama, a kan sabon tobi, zanen lulluɓin matanmu, mai ruwan ƙasa, fitilarsa ja tana ƙyaftawa. A ƙarƙashinsa akwai wasu tobin da ba a taɓa warware ninkinsu ba, da darduma, da agogon hannu na mata, da kwalaben turare, da kaset-kaset ɗaure da zare. Duk abin da Hamid ya aiko cikin shekara goma sha biyu yana nan.

Ruƙayya ta ce daga bakin ƙofa, ita ta ga fitila na ci, kuma in ta matso kusa da ɗakin alamar tana fitowa a wayarta, sai ta ɗauka wurin zama ba shi ne matsalar ba. Ko da ta yi zargi ma, ba ita ce za ta ce wa uwarta ta buɗe akwatin nan ba.

Hamid ɗan fari ne. Shekararsa arba'in da uku, kuma babu mai rai a hillarmu da ya taɓa jin sunansa a bakin Gwaggo. "Wancan" take cewa, ko "na Jidda", in ta matsu ta ce "yayan Ruƙayya". Ana yaye shi kakarsa ta wajen uba ta ɗauke shi, ita yake kira Inna, uwarsa kuwa Yaya yake ce mata kamar yadda ya ji ƙannen ubansa suna faɗa. Haka aka yi wa iyayenmu, haka aka yi wa nasu. Yanzu 'yan mata sun fara goya 'ya'yan farinsu har kasuwa, amma Gwaggo ba ta cikin waɗannan.

Na zauna a ƙasa kusa da akwatin. Na lura tun ina yaro cewa in ka yi shiru kusa da tsofaffi, su suke cika wurin.

Ta fara daga nesa. Ta ce kakanta yana cikin ayarin Malam Sodangi da suka baro ƙasar Sakkwato da ƙafa za su Makka. Suka tsaya nan su yi noma shekara ɗaya su sami guzuri, shekara ɗayar ba ta ƙare ba har aka binne su. Ita a nan aka haife ta. Tana da shekara tara aka ɗaura mata buhu a ƙugu ta shiga auduga, ta nuna mini yatsunta yadda ƙayar ƙwanso ta mayar da su. Ta auri Alhasan, mai tsaron ƙofofin ruwa na tur'a, mutumin da ya yi shekara talatin ƙafarsa a cikin ruwa har ciwon hanta ya kwantar da shi. Ta haifi bakwai, ta binne uku. Da Alhasan ya rasu, auduga kuma ta daina riƙe gida, sai ta kafa doka, farantin ƙarfen gashin kisra, siririyar wainarmu ta dawa, tana yi tana kai wa masu abinci a tashar mota. Shekara na zagayowa Hamid ya hau jirgin ruwa a Sawakin. Ta ce shi ne na farko a zuriyarsu da ya ƙetare bahar ɗin da kakanta ya fito dominsa, kuma ranar da zai tafi, da ya zo sallama, tana gashin kisra, ba ta ɗago kai ba. Ta ce wa ƙanensa ya gaya masa Allah ya kiyaye hanya.

Ta ce akwai ranar da Hamid yana ɗan shekara shida ya zame ya faɗa tur'a, mata cike da gaɓa suna wanki, uwar mijinta na tsaye. Ita ce ta fi kowa kusa da shi. Ƙafarta ta ƙi ɗaguwa. Wata mata ce ta faɗa ruwan ta cafko shi. Aka yi ta yabonta a hilla, ana cewa Sabuwa 'yar gidan mutunci ce, ko gezau ba ta yi ba. Da ta dawo gida ta zaga bayan ɗaki ta ciji hannunta har jini. Ta juya mini gefen tafinta, tabon na nan, farare guda huɗu a jere.

Kaset ɗin kuwa, ta ce takan ari rediyon maƙwabta da sunan za ta ji karatu, sai kowa ya tafi gona ta rufe ƙofa ta saurara.

Sai ta zo kan gorar. Kwana biyu da kafa ta aka yi suna a unguwar gabas. Tana shiga, Hauwa mai kitso ta ce ga Sabuwa nan da ta gina wa na Jidda hasumiya, saura a fara kiran salla a kai. Wata ta ce har da fitila, in duhu ya yi tana yi wa gari ƙifce, wai a san wadda ta haifi ɗa a Saudiyya. Aka yi dariya, ita ma ta yi. Washegari da sassafe ta kwantar da gorar ita kaɗai. Da na zo karo na biyu na sake ɗaga ta, ta bar ta ta kwana ɗaya don kada in ji kunya.

"Ban yar da shi ba," in ji ta. "Inda nike aje abin da ya hi komi, nan na aje shi. Wutatai ma ban yanke ba."

Sai na tuna aikin mijinta. Na ce mata shabaka kamar ruwan tur'a take, tana tahowa daga hayi, ƙarfen akwatin kuwa ƙofa ce. In an sauke ƙofa, ko hawasha, wato gonar da ake ba ruwan, tana kusa da shi kamar me, ba digon da zai shiga, shuka ta bushe ruwa na tsaye a bayan ƙofar. Na ce duk saƙon da aka aiko cikin kwanakin nan yana can tsaye yana jira.

Ta daɗe tana kallon jar fitilar. Ta tambaya ko ba za a iya sa shi a bayan ɗaki ba, ƙasa-ƙasa, inda ba a gani daga hanya.

Na ce bari mu gwada. Na kwance batirin na rungume shi, Gwaggo ta riƙe rautan, muka zaga gidan. Muka gwada taga, ja. Muka gwada bayan rumbu, ja. Na hau darbejiyar tsakar gida na saƙala shi a reshen da ganye ya rufe, ya yi ruwan ɗorawa na ɗan lokaci, ya koma ja. Muka gwada saman rumfa ta gefen da ba ya kallon hanya. Na cire sharihar na goge ta da gefen rigata, ko da na san ba laifinta ba ne. Babu inda ya rage sai inda na kafa gorar tun farko, a kusurwar katanga, bakin hanyar da ke gangarawa kogi, inda akwai rata tsakanin mangwarori biyu.

Lokacin kuwa rana ta fara sanyi, mata sun fito za su lambunan bakin ruwa, ana jin muryoyinsu ta bayan katanga. Na ce mata in tana so mu jira su wuce.

Ta ce kwana goma sha ɗaya ya isa jira. Ta janye zanen daga kan gorar ta wurga wa Ruƙayya. Na ɗaure rautan a cikin jarkarsa, muka cicciɓa. Ƙasa ta jiƙe, gindin gorar yana zamewa, sai da Gwaggo ta fita waje ta tokare ta daga hanya, kanta ba ko mayafi.

Hauwa mai kitso ce a gaban matan, da fartanya a kafaɗa. Ta tsaya ta ce, a'a, yau limamin hasumiyar ne da kansa ya fito?

"Aje hauyar ki riƙa mini nan, Hauwa," in ji Gwaggo. "Yaron shina kwance asibiti."

Hauwa ta ajiye fartanyar. Sauran matan suka yi cirko-cirko. Na ɗaure gorar a jikin turken katanga, na koma ciki na karɓi wayar Ruƙayya. Daga ƙasa ba a ganin fitilar da rana, sai dai a wayar. Minti ɗaya, biyu. Sai ta fara ƙara, tana yi tana ƙarawa, kamar ana zuba tsakuwa a kwano.

Saƙo goma sha huɗu. Goma sha uku na murya ne, daga Hamid. Na ƙarshen rubutu ne da Larabci, daga wata lamba, Abdussalami abokin ɗakinsa, an aiko shi yau da hantsi. Ban buɗe shi ba, amma kalmomin farko suna bayyane a kan gilashin, kuma kowa ya san saƙon da ake farawa da su.

Gwaggo ta shigo, Hauwa na bin ta. Na ce, "Gwaggo, akwai na ƙarshe, ina ganin shi ya kamata..."

Ta dubi fuskata, ba wayar ba. Ta jawo kujerarta ta gashin kisra ta zauna.

"Alhasan bai taɓa ba hawashar ƙarshe ruwa kahin ta hwarko ba. Hwaro daga hwarko."

Na farkon, Hamid yana tsokanar Ruƙayya, wai in namiji ta haifa kada ta kuskura ta sa masa sunan mijinta mai rowa. Ya yi ƙorafin abincin asibiti, ba gishiri ba yaji. A na biyu ya tambaya ko an shuka riɗi, ko ruwa ya cinye gonar gangare kamar bara. A na huɗu ya ce ya ga saƙonninsa ba sa isa, ko shabakar ce, a nemo ɗan Lami ya duba. A na shida ya ce wa Ruƙayya ya san tsohuwa ba za ta yi magana ba, kada a matsa mata. A ajiye wayar kawai kusa da doka in tana aiki, a danna, ya ji ƙarar shafa ƙullu da tarin da hayaƙi ke sa ta, ya ishe shi.

Daga nan muryar ta fara raguwa. Wani saƙon daƙiƙa bakwai ne, numfashi kawai da ƙarar wata na'ura. Ruƙayya ta cusa gefen mayafinta a baki. Gwaggo ba ta motsa ba, hannuwanta a kan gwiwa, babban yatsanta yana shafa tabon nan.

Na goma sha uku gajere ne. Ya ce, "Inna." Ya tsaya ya huta. "Ban taɓa kiranki haka ba. Inna, ki yafe mini."

Sannan na karanta na Abdussalami, na mayar da shi Hausa ko da yake duk wanda ke wurin ya ji Larabcin. Hamid ya cika bayan sallar asuba. Za a yi masa salla da la'asar a binne shi a can.

Hauwa ta yi salati ta rungume Ruƙayya. Gwaggo ta tambaye ni yaushe ya aiko wanda ya kira ta. Na duba, na ce kwana huɗu ke nan. Ta juya ta kalli ƙofar ɗakinta, inda akwatin yake a buɗe har yanzu. Na ce mata ruwan sama ma ya tsare ni kwana uku, kuma da na yi tambayar da ta dace tun zuwana na biyu, da ba a kai haka ba.

"Kak ka ɗauki abin da ba naka ba, ɗan Lami," in ji ta.

Ta miƙo hannu. Ta tambayi yadda ake mayar da amsa. Na nuna mata inda za ta ɗora yatsa, na ce kada ta ɗaga sai ta gama. Yatsan ya yi kaushi, gilashin bai ji shi ba sai a karo na uku. Mata sun cika bakin ƙofar gidan, wasu na leƙe ta saman katanga. Ba ta rage murya ba.

"Hamidu. Ni ce, uwarka. Na yahe maka duniya da lahira. Hamidu, ni ma ka yahe mini."

Ta ɗaga yatsan. Ta tambaya ko ya tafi. Na duba, alama ɗaya ce ta fito a gefen saƙon, ba biyu ba. Na gaya mata gaskiya: ya bar nan, amma bai shiga can ba, wayarsa a kashe take. Ta tambaya in wani ya kunna wayar wata rana, zai shiga? Na ce zai shiga.

"To a bar shi bisa," in ji ta. "Ka ƙara mishi ɗauri, iska na tahe."

Daga masallacin hilla aka fara kiran la'asar. Ta ce wa Hauwa ta biya ta gaya wa liman, ta aika a kira ƙannensa daga gona. Ta ce wa Ruƙayya ta shiga ɗaki ta kwanta a gefen hagu, kada ta ja wa abin da ke cikinta. Ta buɗe robar ƙullun da ta kwaɓa don kasuwar gobe, ta ɗanɗana da yatsa, ta ce ya yi tsami daidai, amma ba zai ishi mutanen da za su zo ba, kuma itacen da ke rumfa duk ya jiƙe.

Na ce ta zauna, ni zan ɗebo. Ta ce ni aikina yana kan gora. Ta ɗauki igiya da gammo, ta ratsa ta tsakanin matan, ta nufi gidan Hauwa inda ta san akwai busasshen itace.